Shatar jirgin kamun kifi a Florida da iyali: ruwan gaɓa ko tsakiyar teku?

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga masu kai yara hutu Orlando da kuma 'yan uwanmu mazauna Amurka da ke son su ware rana guda su fita kamun kifi da iyali. Kowa abu ɗaya yake tambaya, wai wanne zai ɗauka, ƙaramin jirgin da ke yawo a ruwan gaɓa ko babban da ke nausawa cikin teku. To ga yadda ake yi daki-daki. Zan yi misali da yankin Cape Canaveral tunda shine bakin teku mafi kusa da Orlando, in ka bi titin 528 tafiyar kamar awa ɗaya ce (titin ana biyan kuɗi, ka tanada), kuma duk nau'in shatar biyu akwai su a wajen.

1. Fara da duba mutanen da za ka ɗauka

Kafin ka buɗe waya ka fara kallon hotunan manyan kifaye, zauna ka lissafa su waye za su shiga jirgin. Wa ya fi ƙanƙanta, wa ya fi tsufa, akwai mai juna biyu, akwai mai ciwon baya ko hawan jini, akwai wanda ko a mota in an yi tafiya mai nisa sai ya yi amai? Wannan mutumin shi zai yanke hukunci, ba kai maigida ba. Na san yawanci uban yara ne ke da burin ya ɗaga kifi mai tsayin mutum a ɗauke shi hoto, ba laifi ba ne, amma jirgi in ya yi nisan mil 20 ko 30 a teku ba a cewa a tsaya in sauka, yarinya 'yar shekara 6 in zuciyarta ta fara tashi haka za ta kwanta tana kuka har a dawo, uwarta kuma ba za ta ƙara kallon fatsa ba ranar.

Sannan ka ƙirga kawuna. Yawancin jiragen shata a Amurka lasisin kyaftin ɗinsu na fasinja 6 ne kacal, dokar hukumar tsaron gaɓar teku ce, kuma jariri ma mutum ɗaya ne a lissafi. Gidajenmu kuwa kun san yadda suke, miji da mata da yara biyar da ƙanwar uwargida an riga an wuce. Ƙananan jiragen ruwan gaɓa ma yawancinsu ba sa kai 6 ɗin, wasu mutum 2 ko 3 suke ɗauka, masu ɗan girma su ɗauki 4 zuwa 6.

Gargaɗi: kada ka ɓoye adadin ku da niyyar in an je bakin ruwa a roƙi kyaftin. Ba zai yarda ba, lasisinsa ne a kan layi, kuma kuɗin da ka fara biya ya tafi. In kun wuce 6 ko dai ku yi shatar jirgi biyu ko ku nemi babba mai rajistar ɗaukar mutane da yawa.

2. Gane abin da kowanne yake nufi a aikace

Shatar ruwan gaɓa ita ce wadda ake zama cikin ruwan da ƙasa ta kare shi daga igiyar teku. A wannan yankin sune Indian River da Banana River da Mosquito Lagoon, ana tashi daga wajajen Titusville ko Cocoa Beach ko New Smyrna. Ruwa ne marar zurfi, wurare da yawa bai wuce ƙugun babban mutum ba, in babu iska kwance yake kamar madatsar Tiga da sassafe. Minti 10 ko 15 da tashi an fara jefa ƙugiya, kana ganin ƙasa ta kowane ɓangare, sandar fatsar ba nauyi yaro ɗan shekara 7 zai iya riƙe ta, koton kuma yawanci jatan lande ne mai rai. Kifayen da ake samu su ne redfish da seatrout da black drum da mangrove snapper da ladyfish mai tsalle sama in ya ji ƙugiya, yara suna son wannan sosai. Kuma ko kifi bai ci ba akwai abin kallo, dolfin na bin jirgi, ga ayu yana fito da hanci yana shan iska musamman wajen Haulover Canal, ga gine-ginen harba roka na Kennedy Space Center can nesa.

Shatar tsakiyar teku kuwa daga Port Canaveral ake tashi a fita Atilantika sosai. Jirgin ya fi girma, ƙafa 30 zuwa sama galibi, da yaron jirgi mai taimaka wa kyaftin. Kamun iri biyu ne, ko dai a saki fatsa huɗu ko biyar a bayan jirgi yana tafiya a hankali ana jan su har kifi ya kawo cafka, a nan ake samun mahi-mahi da kingfish da wahoo wani lokaci har sailfish, ko kuma a tsaya a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a saki ƙugiya mai nauyi ƙasa don snapper da grouper da amberjack. Abin da masu talla ba sa faɗa da ƙarfi shine tafiyar kanta, awa ɗaya zuwa biyu a tafi, haka a dawo, to shatar awa 8 ka cire kusan awa 3 na zaman jirgi yana dukan ruwa. Kuma jan fatsa a baya aikin jira ne, ana iya awa guda ba abin da ya taɓa, babba zai jure, yaro kam ya gaji tuni.

Akwai na tsaka-tsaki da mutane ke mantawa da shi, wato a fita teku amma a tsaya mil kaɗan daga bakin yashi ana hango gari. A lokacin zafi ana samun kingfish da tarpon da kifin shak a nan, awa 4 zuwa 6, in ruwa ya ɓaci kuma minti 20 an koma tashar. Ga iyali masu samari 'yan shekara 12 zuwa sama gaskiya wannan na fi ba da shawara a kan a zarce can ciki a karon farko.

3. Yi maganar banɗaki da inuwa tun yanzu

Wannan matakin shi maza suka fi tsallakewa kuma shi ya fi ɓata wa mata rana. Ƙananan jiragen ruwan gaɓa mafi yawansu ba su da banɗaki kwata-kwata, wasu bokiti ne kawai, wasu kyaftin zai kai ku wata tasha a sauka. Ga Hajiya da 'yan mata wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai mace ta ƙi shan ruwa tun safe saboda gudun matsuwa, rana kuma tana duka, ƙarshe ciwon kai da jiri. Ka tambaya kai tsaye, akwai banɗaki mai ƙofa ko babu, in babu minti nawa ne zuwa inda za a sauka. Manyan jiragen teku yawanci suna da shi da ɗan ɗaki, wannan kam sun fi.

Inuwa ma haka. Jirgin da ake tuƙawa da gora a ruwa marar zurfi ba shi da rumfa ko kaɗan saboda tana hana jefa ƙugiya. In da ƙananan yara ka nemi mai rumfa da bango mai ɗan tsayi a gefe, ka ce a turo maka hoton jirgin na yanzu ba na talla ba.

4. Daidaita da watan da za ku je

Dogon hutun makarantu na Yuli zuwa Satumba ya faɗo cikin zafin Florida. Amfaninsa teku ta fi kwanciya a watannin Yuni da Yuli, to in ma za a fita ciki lokacin ne ya fi sauƙi. Matsalarsa hadari da tsawa kusan kullum da rana tsaka zuwa la'asar, kuma tsawar wajen ba ta wasa ba ce, don haka shatar safe za ka ɗauka, a tashi 6 ko 7 a dawo kafin azahar. Lokacin guguwa a hukumance daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba.

Masu zuwa hutun Disamba su kuma iska ce matsalarsu. Sanyi in ya sauko daga arewa teku sai ta yi kwana biyu uku tana hauka, ana soke fita ciki da yawa, amma ruwan gaɓa yawanci ana samun lungun da za a fake a yi kamu.

Gargaɗi: kada ka sa ranar kamun kifi a ranar ƙarshe ta hutunku. Sa ta a farko-farko, in yanayi ya hana a ɗaga zuwa jibi. Kuma ka kauce wa Juma'a in shatar yini ce, ba za ku dawo kan lokacin masallaci ba.

5. Lissafin kuɗi, har da wanda ba a rubuta ba

Farashi na canzawa da lokaci da girman jirgi, amma abin da za ka riƙa gani ke nan a yankin. Ruwan gaɓa na awa 4 kamar dala 400 zuwa 600, sau da yawa farashin mutum biyu ne, kowane ƙarin mutum a ɗora wani abu kamar dala 50. Na tsaka-tsaki dala 600 zuwa 900. Tsakiyar teku na yini daga dala 1,000 abin ya yi sama, babban jirgi mai ɗaki da na'urar sanyaya wuri yana iya haura 1,500 cikin sauƙi, man fetur ne ke cin kuɗin.

A cikin kuɗin akwai sandunan fatsa da koto da ƙanƙara da lasisin kamun kifi, a Florida in kana cikin jirgin shata mai lasisi ba sai ka yanki naka ba. Abin da babu a ciki shine abinci, da tukuici. Tukuicin nan fa ba ganin dama ba ne kamar yadda muka saba, al'adar wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin shata ne, kuma yaron jirgi da shi ya dogara, shi ke ɗaura ƙugiya ya warware zaren da yaranka suka cukurkuɗa ya fere kifi ya wanke jirgi bayan kun tafi. Shatar dala 1,200 ke nan ka riƙe wata 200 ko fiye a aljihu, tsabar kuɗi. Ka kuma tambaya ko akwai ƙarin kuɗin mai in an yi nisa, wasu suna da shi.

Akwai hanya mai arha, manyan jiragen haɗaka da ke kwasar mutum 30 ko fiye kowa ya biya kuɗin kujerarsa, kusan dala 70 zuwa 120. Ga magidanci da ɗansa saurayi ba laifi. Da mata da ƙananan yara kam ban ba da shawara ba, cunkoso ne kafaɗa da kafaɗa da baƙi, wasu na shan giya, kuma ko duk gidanku na amai jirgin ba zai juya ba sai lokacinsa ya cika.

6. Kira kyaftin da bakinka kafin ka biya

Za ka samu jirage a manhajoji irin su FishingBooker ko ta Google, ka karanta abin da mutane suka rubuta, amma ka fi neman inda aka ambaci yara. Kyaftin na iya zama gwanin kamu amma ba shi da haƙuri da yaro mai tambaya goma a minti ɗaya. Bayan nan ka kira shi, saƙo bai isa ba, daga muryarsa in ka ce ina da 'yar shekara 5 da ɗan shekara 9 za ka ji ko yana maraba ko dolensa ce.

Ka tambaye shi ko yana da lasisin kyaftin na hukumar tsaron gaɓar teku da inshora, kuma kana da damar ka ce a nuna maka ranar tafiya. In fita ciki ne ka tambayi izinin gwamnatin tarayya, domin ruwan jihar Florida a ɓangaren Atilantika mil 3 ne kawai daga gaɓa (a ɓangaren yammacin jihar, wajajen garuruwan Tampa da Destin, mil 9), bayan nan sai mai wancan izinin. Ka tambayi rigunan kariya daidai jikin yaranka ka faɗa masa nauyinsu. Dokar jihar ta ce yaro ƙasa da shekara 6 dole ya sa riga a jirgin da bai kai ƙafa 26 ba muddin yana tafiya, a ruwan tarayya kuma ƙasa da shekara 13 ne sai dai in yana cikin ɗaki. Ni dai ina ganin duk wanda bai iya iyo ba ya sa kawai ko shekarunsa nawa, kuma mu faɗa wa juna gaskiya yawancinmu da muka taso a arewa ba mu iya ba, ka gaya wa kyaftin hakan ba abin kunya ba ne.

Sai maganar kafin alƙalami. In shi ya soke saboda yanayi za a mayar maka da kuɗinka ko sai dai a canza rana? In kai ka fasa kwana nawa kafin ranar? In kun fita yara suka kasa aka dawo bayan awa biyu fa? Wannan na ƙarshen amsar kusan kullum ita ce za ka biya duka, gara ka ji tun yanzu.

Gargaɗi: wanda ya tare ka a bakin ruwa ko a Instagram da farashi rabin na kowa kuma yana kauce wa maganar lasisi, rabu da shi. Ana kama irinsu, a katse tafiyar a tsakiyar ruwa, in wani abu ya faru kuma babu inshora.

7. Kwana biyu kafin tafiya, duba ruwa da kanka

Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana fitar da hasashen teku kyauta a intanet, ka nemi na yankin Cape Canaveral. Abu biyu za ka duba, tsayin igiyar ruwa da daƙiƙun da ke tsakanin wata da wata. Ƙafa 1 zuwa 2 lafiya lau. Ƙafa 3 zuwa 4 masu zuwa kusa da kusa, daƙiƙa 5 ko 6, kyaftin zai ce ana iya fita kuma gaskiya ya faɗa, jirginsa zai iya, iyalinka ne ba za su iya ba. In ka ga haka ka kira shi ka ce ko za a koma kusa da gaɓa ko a ɗaga, yawancinsu sun fi son haka a kan su kwashi mutane suna amai.

8. Maganin jiri da kayan da za a ɗauka

A ruwan gaɓa da wuya a buƙaci magani. In teku za ku fita kowa ya shirya ko da yana cewa shi ba ya amai a mota. Ana sayar da Dramamine da Bonine a kantin magani ba sai da takardar likita ba, ana sha kamar awa ɗaya kafin a hau jirgi, in an bari sai zuciya ta fara tashi ya makara. Bonine na 'yan shekara 12 zuwa sama ne, Dramamine akwai na yara, kuma yana sa barci don haka mai tuƙa mota ya kula. Mai juna biyu da mai shan wasu magunguna su tambayi likita ko mai kantin maganin tukuna.

A yi barci da wuri, da safe a ci abu marar maiƙo, burodi da shayi ya isa, kada a fita da yunwa kuma kada a cika ciki da soye-soye. Wanda ya fara jin jiri ya fito waje ya zauna tsakiyar jirgi ya kalli can inda sama ta haɗu da ruwa, kada ya shiga ɗaki ya kwanta, kada ya kalli waya, ya nisanci hayaƙin inji. Citta na taimaka wa wasu.

Kaya kuma: ruwan sha fiye da yadda kake zato, malafa mai igiya, tabarau ga kowa har yara saboda ƙugiya na yawo a iska, riga mai dogon hannu marar nauyi, man kare zafin rana na shafawa ba na fesawa ba don yana sa daɓen jirgi santsi, takalmi mai kama ƙasa. Hajiya ki sa hijabi ƙarami wanda ke zama daram a kai, dogon mayafi da babbar abaya iska na kaɗa su kuma ƙugiya na kama su, maza ma a bar doguwar riga a masauki. Kada a zo da kwalba. Ayaba ma ku bar ta a mota, masu jiragen wajen da yawa suna camfa ta, ba sai an fara rana da gardama ba. In Mosquito Lagoon ne ku riƙe maganin sauro na shafawa, da asuba a bakin ruwa suna da yawa.

Ku yi sallar asuba kafin ku hau, ku iso minti 15 kafin lokaci don agogon shata na fara ƙirgawa ko kun zo ko ba ku zo ba. In yini za ku yi ka gaya wa kyaftin tun farko cewa za ku yi sallah da rana, alƙibla daga Florida arewa maso gabas take.

9. A cikin jirgi da kuma kifin da za a ci

Ka bar yara su fara kamawa, ka ce wa kyaftin kun fi son kifi da yawa ko ƙanana ne a kan jiran babba guda, zai san inda zai kai ku. Kada yaro ya kai hannu kan kifi sai an ce ya taɓa, tarwaɗar teku tana da ƙaya mai dafi a baya da gefe, kingfish da barracuda kuma haƙoransu kamar reza.

Ba duk abin da aka kama ake tafiya da shi ba, nan ne wasunmu ke jin haushi. Redfish a yankin Indian River tun 2022 kamawa ake a sake shi, tarpon ma sakinsa ake, snook yana da watannin da aka hana da kuma iyakar tsayi, red snapper na ɓangaren Atilantika kuwa an yi shekarun da kwana ɗaya ko biyu kacal aka buɗe kamunsa. Kada ka matsa wa kyaftin ya ɓoye maka kifi, tarar mai nauyi ce. In burinka a cika kula da kifin miya ka faɗa tun a waya, ya gaya maka abin da doka ta bari a wannan watan, a nan kam fita teku ta fi ruwan gaɓa kawo nama.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara su guji cin kingfish da shak da marlin saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikinsu, babban barracuda kuma a bar shi gaba ɗaya don yana iya ɗauke da guba da dahuwa ba ta kashewa. Mahi-mahi da snapper da seatrout su za a kai wa yara.

Yaron jirgi zai fere muku kifin ya zuba a leda, in kuna son kai da ƙashi don farfesu ku faɗa kafin ya fara yanka, in ba haka ba tsokar kawai zai cire ya watsa sauran a ruwa. Ku bar kula da ƙanƙara a bayan mota don tafiyar awa ɗaya komawa Orlando cikin zafi tana lalata kifi. Akwai gidajen abinci a bakin tashar da ke dafa maka abin da ka kama ka biya kuɗin aiki, in za ku ci a can ku ce a gasa, ku tambaya ko ƙullun suyarsu akwai giya a ciki da kuma abin da suke soyawa a man.